Filin Tambaya da Amsa: Injiniya Nake So In Zama, Baba Kuwa Likita Yake So

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Ni ɗaliba ce 'yar aji shida a wata sakandaren kimiyya ta 'yan mata a jihar Katsina, kuma ga shi lokacin cike fom ɗin JAMB ya matso. Tun ina aji huɗu babu darasin da yake zauna mini a kai kamar lissafi da fiziks, har ƙawayena sukan taru a bakin gadona da daddare in yi musu bayani. Bayoloji kuwa hadda kawai nake yi don in tsallake jarrabawa. Burina shi ne in karanta injiniyan lantarki ko kuma fiziks ɗin kansa, domin har yanzu ban tsayar da ɗaya ba. Matsalar ita ce Baba likita yake so in zama, in hakan bai samu ba in yi aikin jinya. Ya ce aikin injiniya na maza ne, hawan falwaya da wuni cikin rana, kuma babu mai auren macen da take yawo cikin ƙarti da hular kwano a ka. Yayana kuma ya ce duk wanda ya karanta fiziks ƙarshensa alli da allo. Ba na so in saɓa wa Baba, domin shi ya tsaya mini a kan karatu lokacin da 'yan uwansa suke cewa a aurar da ni, amma ina tsoron in shiga abin da zuciyata ba ta so. Don Allah ki ba ni shawara.

Ɗaliba daga jihar Katsina

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka, ya kuma saka wa mahaifinki da alheri, domin uban da ya tsaya wa 'yarsa har ta kai aji shida ya cancanci a saurari damuwarsa da kunnen basira ko da ba za a bi ra'ayinsa ba.

Bari in fara da abin da lokaci zai iya ƙwace miki. A jarrabawar JAMB darussa huɗu ake rubutawa, Turanci dole ne, sauran ukun kuwa kwas ɗin da aka nema ne yake tsayar da su. Mai neman likitanci yana rubuta bayoloji da fiziks da kemistiri, mai neman injiniya kuma yana rubuta lissafi da fiziks da kemistiri. Darasi ɗaya ne ya raba su, amma shi ya sa fom ɗaya ba zai riƙe miki hanyoyin biyu ba. Yara da dama sukan cike da bayoloji don a zauna lafiya a gida, da niyyar su canza kwas bayan sakamako ya fito, sai su tarar cewa canjin kwas yana yiwuwa, amma darasin da ba a rubuta ba babu yadda za a yi a ƙirƙiro shi, shekara guda ta tafi ke nan. Haɗin lissafi da fiziks da kemistiri kuwa yana kai mutum sashen injiniya, yana kuma kai shi sashen fiziks. Saboda haka zaɓi tsakanin waɗannan biyun yana iya ɗan jira, amma maganarki da Baba dole a gama ta kafin ki zauna gaban kwamfutar masu rajista. Ki kuma tabbatar kin samu kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri.

Kafin ki je gabansa, ki fara gwada kanki. Son darasi daban, jure masa daban. Lissafin jami'a ba ya tsayawa inda na sakandare ya tsaya. Tun daga shekarar farko za ki shiga lissafin yadda abubuwa suke sauyawa, wanda ake kira kalkulas, kuma daga nan har ki gama kusan babu darasin da ba a kansa aka gina shi ba, ko na wutar lantarki ne, ko na zafi, ko na motsin ruwa a cikin bututu. Ki nemi malaminku na lissafi ya ba ki tambayoyin da ba ki taɓa ganin irinsu ba, ki zauna da su ke kaɗai, ki lura da abin da yake faruwa a ranki idan amsa ta ƙi fitowa. Idan kika ga kin tashi kin yi salla kin dawo hankalinki yana kan tambayar, kina so ki sake gwada wata hanya, to wannan alama ce mai ƙarfi, ta ma fi maki mai yawa ƙarfi a wurina. Yadda ƙawayenki suke taruwa kina yi musu bayani shi ma shaida ne, domin ba a iya bayyana abin da aka haddace kawai.

Game da bambancin fiziks da injiniya, ki dubi rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, irin waɗanda suka yawaita a ƙauyukanmu. Masaniyar fiziks idan ta tsaya gaban faifan sola, tambayarta ita ce me ya sa hasken da ya sauka a kan silikon yake haifar da wutar lantarki, me ya sa ƙarfin wutar yake raguwa idan faifan ya yi zafi da tsakar rana a watan Afrilu, kuma ko akwai wani sinadarin da zai fi wannan amfani. Injiniya kuwa mai unguwa zai zo ya ce mata ga yawan mutanen garin, ga zurfin rijiyar, ga kuɗin da aka tara. Ita za ta lissafa girman famfon da zai ɗago ruwan zuwa tanki, yawan faifan da zai juya shi, kaurin wayar da ba za ta yi zafi ta narke ba, da rarar da za a bari saboda ƙurar hunturu da take rufe faifan. Idan ta yi kuskure ruwa ba zai hau ba, kuma kowa ya san wa za a tambaya. Ki tambayi kanki wanne daga cikin waɗannan tsayuwa biyu ya fi jan hankalinki.

Digirin fiziks shekara huɗu ne, na injiniya biyar. A jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauci da jami'ar fasaha ta Minna, shekarar farko ta ɗalibin injiniya kimiyya ce zalla, a ta biyu kuma ake haɗa kowa a koyi tushen sana'ar: zanen injiniya, ƙarfin ƙarafa da kankare, da aikin hannu a wakshof, inda za ki riƙe zarto da guduma, ki yi walda, ki tsaya gaban injin gyaran ƙarfe. A shekara ta huɗu akwai wata shida na koyon aiki a masana'anta ko ma'aikata, abin da ake kira SIWES. Bayan kin gama kin yi hidimar ƙasa, sai kin yi wasu shekaru kina aiki a ƙarƙashin ƙwararru kafin hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970 don sa ido a kan aikin injiniya a Najeriya, ta yi miki rajista ki zama injiniya a idon doka. Don haka duk jami'ar da za ki zaɓa, ki bincika ko kwas ɗin yana da amincewar COREN da ta hukumar jami'o'i ta NUC. Wannan bincike ne da yayanki zai iya yi miki a wayarsa.

Tun da na ambaci wakshof, ga abin da ba kasafai ake gaya wa 'yan mata ba sai sun je. Injin da yake juyawa ba ya yafe wa tufa mai lilo. Dogon hijabi mai yawo, da bakin gyale, da awarwaro, da zobe, duk haɗari ne a gabansa, kuma malamin da ya ce ki gyara shigarki kafin ki matso ranki yake karewa. Maganin abin mai sauƙi ne: ƙaramin hijabi mai kama kai wanda za ki cusa bakinsa a cikin rigar aiki, rigar ta zama mai yalwa da dogon hannu mai maɓalli, da takalmi rufaffe. Hular kwano tana zama daram a kan hijabi. Sutura ta cika, kariya ta samu, kuma mata Musulmi suna aiki a haka a ƙasashe da yawa.

Maganar yayanki akwai gaskiya a cikinta, ba zan ɓoye miki ba. Mai digirin farko na fiziks kaɗai guraben aikinsa a ƙasar nan ba su kai na injiniya ba, kuma da yawa koyarwa suke komawa. Sai dai ban yarda a riƙa faɗar alli da allo kamar abin kunya ba. Ke kanki wani ne ya tsaya gaban allo ya sa kika ƙaunaci wannan darasi, kuma makarantun 'yan mata suna matuƙar buƙatar malamai mata masu koyar da shi. Abin da ya kamata ki sani shi ne fiziks yakan buɗe sosai ne a digiri na biyu. Daga nan ake samun masu lissafa adadin hasken da za a haska wa mai ciwon daji a asibiti, da masu binciken ƙarƙashin ƙasa don gano ruwa da ma'adinai da man fetur, da masu hasashen yanayi a hukumar NiMet, da ma'aikatan hukumar sararin samaniya ta NASRDA wadda ta mallaki tauraron ɗan Adam na farko na Najeriya a 2003. A Zariya ma akwai cibiyar binciken makamashi ta jami'ar Ahmadu Bello, inda ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike take aiki tun 2004.

Idan ra'ayina kike so, ga shi. Tun da kina son duka biyun, ki sa injiniyan lantarki a gaba. Shi ne ɓangaren injiniya da ya fi kusa da fiziks, ba za ki yi kewar darasin da kike so ba, kuma da digirin farko kina iya neman aiki ko ki kafa naki. Wanda ya karanta injiniya yana iya karkata zuwa bincike daga baya cikin sauƙi, amma mai digirin fiziks da yake so a yi masa rajistar injiniya hanyarsa ta fi tsawo. Idan kuwa makinki bai kai ba aka ba ki fiziks, kada ki ɗauke shi a matsayin ragowa. Azuzuwan fiziks a jami'o'inmu cike suke da waɗanda suka nemi wani kwas aka turo su, suna zaune da ɓacin rai, ɗalibar da ta shigo da son abin kuwa nan da nan malamai suke gane ta.

Batun cewa wannan fage na maza ne, tarihinmu na nan gida ya isa amsa. Farfesa Deborah Ajakaiye, haifaffiyar Jos, a jami'ar Ahmadu Bello ta yi digirinta na uku ta kuma koyar, ta yi shekaru tana auna abin da yake ƙarƙashin ƙasar Najeriya, kuma a 1980 ta zama mace ta farko farfesar fiziks a Afirka. Injiniya Joanna Maduka, wadda ita ma da fiziks ta fara a jami'ar Ife, ita ta jagoranci kafa ƙungiyar mata injiniyoyi ta APWEN a 1982. Ƙungiyar injiniyoyi ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1958, a 2024 ta samu shugaba mace ta farko, Injiniya Margaret Oguntala. Wadda za ta fi shiga ran Baba kuwa ita ce Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta jami'ar Bayero, 'yar Wangara a ƙaramar hukumar Gezawa, matar aure kuma uwa, wadda take binciken sararin samaniya da yanayi, ta kuma karɓi lambar yabo ta gidauniyar Elsevier ta mata masana kimiyya a 2015.

Duk da haka ki shirya zama cikin 'yan tsiraru. Ba a nan kaɗai ba ne. Kyautar Nobel ta fiziks da aka fara bayarwa a 1901, daga Marie Curie a 1903 zuwa Anne L'Huillier a 2023 mata biyar kacal suka karɓe ta. A ajin injiniya kina iya ƙirga matan da yatsun hannu, kuma wahalar da hakan yake jawowa ba kullum take zuwa da fuskar ƙiyayya ba, wani lokaci da fuskar kirki take zuwa. Za a raba ku rukuni-rukuni a ɗakin gwaji, samari su ɗauki waya da mita da ƙarfen haɗa waya, su ce ke ki zauna ki huta, rubutunki ya fi kyau, ki riƙa rubuta sakamako. Idan kika amince da wannan sau ɗaya, haka za ki gama shekara biyar da littafi mai tsafta da hannun da bai san aiki ba, ranar da aka kai ki masana'anta kuma asiri ya tonu. Ki ce musu cikin ladabi yau ke za ki haɗa, wani ya rubuta. Ki ƙona abu, ki sake haɗawa. Ki nemi matan da suke gaba da ke a sashen tun makon farko, domin su suka san malamin da za a je wa da tambaya da wanda ba a shiga ofishinsa sai da abokiyar tafiya. Idan wani ya nemi ya yi amfani da maki ya ci mutuncinki, kada ki yi shiru don kunya. Ki adana shaida, ki sanar da gida, ki kai ƙara ga hukumar makaranta.

Yanzu ga Baba. Burinsa na likita yana da tushe, domin duk wanda ya taɓa kai matarsa ko mahaifiyarsa asibiti a Arewa ya san yadda ake neman likita mace. Amma likitanci shekara shida ne na karatun da mafi yawansa ya ginu a kan darasin da kika ce hadda kawai kike yi masa, gurabensa kaɗan ne, kuma ana sallamar waɗanda suka kasa tun a shekarun farko. Ki nuna masa cewa tsoronki shi ne kada wahalarsa ta tafi a banza. Hawan falwaya kuwa aikin ma'aikatan layi ne, sana'a ce mai daraja da horonta daban. Injiniyan lantarki tana tsara yadda wuta za ta shiga gini ko unguwa, tana lissafa girman taransifoma, tana aiki a ɗakin sarrafa tashar wuta, ko kamfanin sadarwa, ko jami'a. Fita fili akwai shi, kada ki ce masa babu, amma fita ce ta duba aiki. Tun da asibiti ne a ransa, ki gaya masa cewa injin hoton ciki da injin wankin ƙoda da na'urar gashin ciwon daji duk sai da injiniya da masanin fiziks suke aiki, kuma sanannen abu ne a ƙasar nan yadda irin waɗannan na'urori suke lalacewa su daɗe a ajiye, marasa lafiya suna tafiya wata jiha neman mai aiki. 'Yarsa tana iya yi wa marasa lafiya hidima ta wannan hanya.

Maganar aure ba zan yi miki alkawarin abin da yake hannun Allah ba. Akwai mazan da za su ja da baya, gaskiya ne, kamar yadda akwai masu gudun likita saboda kwanan asibiti. Abin da yake hannunki shi ne duk wanda ya zo ki gaya masa karatunki da burinki tun farko, a kuma yi maganar a gaban manya.

Kada ki tare shi da gardama, kada kuma ki yi maganar a gaban yayanki ko baƙi inda zai ji kamar ana ƙure shi. Ki fara da mahaifiyarki, sannan ki nemi wanda yake jin nauyinsa, kawu ko baffa ko malaminku na fiziks, ya zauna da shi. Idan da hali a kai shi ya ga wata injiniya a wurin aikinta, da shigarta ta mutunci, domin gani ya kori ji. Ki yi istihara, ki roƙe shi ya sa miki albarka a kan abin da Allah ya ba ki basirarsa. Ina kyautata zaton mutumin da ya iya tsayawa gaban 'yan uwansa saboda karatunki zai saurare ki idan ya ga kin zo da hujja da ladabi.

Tambaya ta biyu

Anti, ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu, shekaruna 27. Ina da difloma ta ƙasa a fannin lantarki tun kafin aure, kuma maigida ya amince in koma karatu. Shin lokaci bai ƙure mini ba?

Uwargida daga Zariya

Amsa

Ƙanwata, bai ƙure ba, kuma ki miƙa godiyata ga maigida. Farfesa Rabi'a da na ambata a sama an yi mata aure bayan ta gama sakandare, ta haifi 'ya'ya, sai da ta kai shekara 29 ta shiga jami'a, ke kuwa kina da diflomar da za ta rage miki hanya. Da difloma mai kyakkyawan sakamako kina iya neman shiga kai tsaye ta fom ɗin JAMB na masu difloma, a sa ki aji biyu, shekara huɗu su rage miki. Kowace jami'a tana da matakin sakamakon da take karɓa, don haka ki je sashen da kanki ki tambaya kafin ki sayi fom. Tun da a Zariya kike, tafiyar ba nisa. Sakamakonki na sakandare yana nan da ƙarfinsa muddin darussan da ake buƙata sun cika.

Abin da zai fi ba ki wahala shi ne lissafin da ya kwanta, don haka ki ɗauko littattafanki tun yanzu ki riƙa ba su awa ɗaya kullum bayan yara sun yi barci. Karatun injiniya na cikakken lokaci ne, akwai gwaje-gwajen da sukan kai yamma, ga kuma wata shida na koyon aiki, saboda haka ku zauna da maigida ku tsara wanda zai riƙa ɗauko yara da kula da su tun kafin a fara zango. Hidimar ƙasa kada ta dame ki: wanda ya haura shekara 30 a lokacin kammala digiri takardar yafewa ake ba shi, kuma tana aiki a wurin neman aiki kamar takardar wanda ya yi hidimar.